Akwati Mai Numfashi na Rra Sethunya

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin farko na safe daga Thaba Nchu zuwa Mangaung ya san Rra Sethunya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai shuɗiyar rigar aiki da kan zauna a kujera ta uku ta gefen taga. Ba ya gyangyaɗi kamar sauran mutane, ba ya shiga gardamar ƙwallo, sai hararar ciyawar bakin hanya kamar akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu. Akwai ta kuwa.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Motlalepula, wato mai zuwa da ruwa, domin ranar da aka haife shi ne farin shekara biyu ya karye. Amma tun da Allah ya ba su 'yar fari suka sa mata Sethunya, wancan suna ya kwanta. Shi ya zama Rra Sethunya, wato Baban Sethunya, matarsa ta zama Mma Sethunya, wato Maman Sethunya, kamar yadda muke yi wa duk wanda ya haifa. Sethunya kuwa fure ke nan a bakinmu. Mai zuwa da ruwa ya auri uwar fure, ka ga da suna ke gina gida, da babu gidan da zai kai nasu zaman lafiya.

Shekara talatin da ɗaya yana aikin gyare-gyare a wata kwaleji a Mangaung: famfon da ke yoyo, ƙofar da ta ƙi kulluwa, ƙwan fitilar da ya mutu. Ita kuwa ɗinki take yi a gida, kayan ƙungiyar matan coci da na 'yan makaranta, a kan wani baƙin keke mai feda da ta zo da shi ranar aure. 'Ya'yansu biyu, Sethunya da ƙanenta Otsile. Ba su tara ba, ba su kuma rasa ba. Abu ɗaya ne ya hana su sakat, ƙirjin Mma Sethunya.

Mu nan ruwa ne addu'armu. In za a tashi taro, na biki ko na makoki, wani dattijo zai ɗaga murya ya ce, "Pula!" wato ruwa, jama'a su amsa, "A e ne!" wato ya zubo. To, abincin wani gubar wani. Da zarar ruwan Oktoba ya sauka, ciyawa ta yi kai ta fara sakin bununinta a iska, sai idanun Mma Sethunya su kaɗa su yi ja, atishawa ta biyo baya, daga nan ƙirji ya kama kuka kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Haka za ta yi ta fama har Afrilu. Shekarar da shanun mutane suka yi ƙiba, ita ramewa take yi.

Da fari kowa da nasa bokancin. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce ƙurar yadi ce. Surukarta ta nuna wardi guda shida da ke bakin ƙofa ta ce ga masu laifi nan, Mma Sethunya ta tumɓuke su da hannunta tana kuka, alhali mahaifiyarta ce ta ba ta dashen. Sai bayan shekaru wata likita ta ce asma ce, kuma fure ba ruwansa: shi ƙudan zuma yake ba garinsa, ciyawa ce mara kunya mai watsa nata a hancin mutane. An kashe wardi a banza. Ciyawa kuwa ina za ka kai ta, a ƙasar da daga nan har inda ido ya tsaya ita ce?

"Laifinka ne ai," takan ce masa in ciwon ya ɗan sake ta. "Wa ya aike ni auren mai zuwa da ruwa? Da mai zuwa da fari na aura, da yanzu ina nan ina tsalle."

"Da yanzu kina nan kina cin ƙasa," in ji shi.

"Ƙasa dai ba ta sa atishawa."

Shekara tara ke nan da wata baiwar Allah, Misis Fortuin, ta zo daga Cape Town da wani akwatin ƙarfe mai ƙafa uku da wutsiya irin ta kifi, aka kafa shi a saman benen kwalejin. Ta ce tana neman wanda zai riƙa hawa duk Litinin yana kula da shi. Malamai masu digiri suka dubi tsanin ƙarfen da ke kaiwa can, nan take kowa ya tuna yana da ciwon gwiwa. Rra Sethunya, da aka kira don ya riƙe kayan aiki kawai, ya ji an ce akwatin bununin ciyawa yake kamawa don a riƙa gargaɗin masu asma. Bai san lokacin da ya ce shi zai yi ba.

Aikin ba wuya, sai dai ba ya son wasa. Wutsiyar tana juya bakin akwatin ya fuskanci iska. Bakin nan 'yar tsaga ce. A ciki akwai inji mai zuƙar iska, da 'yar ganga da aka naɗe da zirin leda mai shafin basilin, agogo na juya ta a hankali, zagaye ɗaya a kwana bakwai, duk abin da ke yawo a iska sai ya manne. Ranar Litinin da ƙarfe tara a cire gangar, a sa sabuwa, a murɗa agogo, sannan a kafa ma'auni a bakin tsagar a ga yawan iskar da yake ja.

"Lita goma a minti ɗaya, Rra," in ji Misis Fortuin, "ba tara ba, ba sha ɗaya ba. Abin da mutum ke shaƙa ke nan in yana zaune. In ya kauce, ga sukuru nan, ka murɗa har ya dawo goma, ka rubuta a takarda ka aiko tare da gangar. Ni can ƙwayoyi nake ƙirgawa a ƙarƙashin madubi, ba na ganin iskar da ta kawo su. Abin da ka rubuta, shi na sani."

Daga ranar bai sake ganinta ba, sai murya a waya. Amma duk Juma'a, bayan labaran ƙarfe shida na yamma, rediyo kan karanta hasashen yanayin mako na ƙasa baki ɗaya. Matafiya ake fara ba nasu: inda hazo zai rufe hanyar tsauni, inda kogi ke shirin haye gada, inda iska za ta iya kifar da babbar mota. Sannan a juyo kan masu atishawa da masu asma, gari bayan gari, kowane da launinsa: kore in iska lafiya lau, sai rawaya, sai ruwan lemo, ja kuwa shi ne mafi haɗari. In an zo nan ko tukunya ba a buɗewa a gidan Rra Sethunya. Mai karatu zai ce, "Mangaung, ja," shi kuma ya gyaɗa kai kamar wanda aka yaba wa aiki. Ya taɓa gaya wa mutanen bas cewa shi ne hancin jihar nan, suka yi ta masa dariya har tasha.

Mogapi, maigadin ƙofar kwalejin, shi ma ba ya raga masa. Duk Litinin in ya sauko sai ya tare shi.

"Likita! Yaya mara lafiyar taka ta sama? Tana numfashi?"

"Lita goma."

"Madalla. Ni ma ka zo ka murɗa nawa sukurun, matata ta ce minsharina ya kai lita hamsin."

Sethunya ta girma ta zama nas, ta sami aiki a Port Nolloth, can bakin tekun yamma, tafiyar yini guda da rabi a mota, inda ba ciyawa sai rairayi da hazo. Shekara biyar da suka wuce ciwon ya kusa tafiya da Mma Sethunya, likita ta ce magani ya yi iyakarsa, saura a gudu. Sai aka shirya: ta tafi wurin 'yarta a Oktoba, ta dawo a Mayu in sanyi ya kashe ciyawa. Da za ta tafi karon farko ya ce a ɗaure mata keken ɗinkin, ta ce a'a.

"Bar shi nan inda yake. Baƙunta zan je, ba ƙaura ba. Ranar da ka ga na aiko a ɗauki keken nan, ka nemi wata."

Rra Sethunya ba mutum ne mai daɗin baki ba. Bai iya cewa na yi kewarki ba, ko a waya ko a fili. Abin da ya iya shi ne, duk Juma'a da an gama karatun rediyo ya kira ta.

"Kin ji?"

"Na ji wasiƙarka. Ja ka sake rubuto mini."

"Ba ni na rubuta ba, ciyawa ce."

"To ka ce ina gaishe ta. Ka ci abinci?"

Haka suka zauna, rabin shekara tare, rabi a waya, kuma ya ishe su. Ita ta san duk Litinin akwai wani tsoho da ke hawa tsani saboda ita, shi kuma ya san akwai kunne ɗaya a bakin teku da ke jiran a ambaci garinsa.

Sai ga Janairun bara. Otsile direban motar kaya ne. A makon ma rediyo ta ce a yi hattara da ƙananan gadoji, amma mai kaya ba ya sauraron rediyo, lokaci yake dubawa. Ruwa ya haye wata gada, Otsile ya ga kamar zai wuce, bai wuce ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji masu magana, kuma Rra Sethunya ya daɗe ba ya son a kira shi da sunansa na haihuwa. A lokacin makonni shida ke nan a jere rahoto na cewa Mangaung ja. Likita ta ce in uwar ta zo, kabari biyu za a haƙa. Sethunya ta zo ita kaɗai, ta riƙe waya a bakin ramin, uwar tana can tana jin ƙarar shebur.

Uwar ta ce a Mayu za ta zo ta ga inda aka sa shi. Mayu ya same ta kwance da ciwon haƙarƙari, kafin ta miƙe ruwan Oktoba ya sauka. Shekara ɗaya da rabi ke nan ba ta taka gidanta ba, ba ta kuma ga kabarin ɗanta ba.

A wurinmu makoki ba ya ƙarewa sai an buɗe dutse. In mamaci ya shekara, a kafa masa dutse mai sunansa, a lulluɓe shi da mayafi, dangi su taru da safe, uwa ta yaye mayafin da hannunta. Kawun mamaci ke sa rana. Kawun Otsile, Rra Seleka, yayan Mma Sethunya ne, ya kuwa sa Asabar ɗin Ista, a farkon Afrilu. Rra Sethunya ya tafi har gidansa ya roƙi a kai Yuni.

"Yuni?" in ji Rra Seleka. "Wa zai ba 'yan ramin ma'adinai hutu a Yuni? Wa zai ba masu aiki can Gauteng? Suruki, dangi sau biyu suke haɗuwa, Ista da Disamba, ka zaɓa. Ko kuwa tukunyar taka ta saman bene ce za ta riƙa sa mana rana yanzu?"

Disamba ta fi muni. Aka tsaya a Ista. Sethunya kuma ta kafa nata sharaɗin, ba ta ɓoye ba.

"Papa, ka ji da kyau. Rahoton Juma'ar da ke gaban makon Ista zan saurara. In ya ce kore ko rawaya, ni da kaina zan kawo ta. In ya ce lemo ko ja, ko ƙofa ba za ta leƙa ba. Na binne ƙanena, ba zan binne uwata saboda dutse ba."

Bana kuwa an yi ruwan da tsofaffi suka ce rabonsu da irinsa shekara ashirin. Ciyawa ta kai ƙirjin mutum. Kowa bakinsa har kunne. Fabrairu ja, Maris ja. Mma Sethunya ta ari keken maƙwabciya ta ɗinka mayafin dutsen da kanta, fari mai shuɗin baki, ta kuma ƙi a aiko shi.

"Ba zan sa shi a mota kamar buhun albasa ba," ta ce masa a waya, muryarta ƙasa-ƙasa don kada 'yarta ta ji. "Ni na goya shi, Rra. Wata ce za ta yaye masa? Ban ga fuskarsa ba, ban zuba ƙasa ba, yanzu sunansa ma sai a waya za a karanta mini?"

Gangar da zai sa ranar Litinin mai zuwa, ita ce za ta yanke hukunci.

Litinin ɗin ya hau kamar kullum. Daga can sama ana ganin bayan gari, ciyawa na kwantawa tana tashi har gindin sama, ko makaho ya san ja za a ce. Ya sa sabuwar ganga, ya murɗa agogo, ya kafa ma'auni. Goma cif. Ya daɗe a tsugune. Toshe tsagar ba zai yi ba, Misis Fortuin za ta ga leda fes ta gane. Amma shekara tara ta koya masa abin da babu wanda ya sani sai shi da ita: in akwatin ya ja iska kaɗan, ƙwayoyi kaɗan zai kama, ledar kuma ba ta da bakin faɗin dalili. Ya kama sukuru ya murɗa baya. Takwas. Biyar. Uku. Kukan injin ya sauya, ya zama wani siririn fito da ya sani sarai, don shekara talatin yana kwana kusa da irinsa. Ya zaro takarda ya rubuta goma.

Ba zan wanke shi ba. Ya san ba matarsa kaɗai ke sauraron rediyo ba. Amma ni da na san mutumin, na kuma san gidan nan mai ɗaki huɗu da ya zama ba motsin kowa sai nasa, tausayinsa ya fi haushinsa yawa a raina. Ya gaya wa kansa Afrilu na tafe, ciyawa ta kusa gajiya, kwana huɗu kawai za ta yi ta koma. Mai son abu ba ya rasa hujja.

"Likita! Tana numfashi?" in ji Mogapi.

"Tana nan," ya ce, ya wuce bai tsaya ba.

Litinin ta gaba ya cire gangar, ya mayar da sukuru goma, ya aika. Ranar Alhamis Misis Fortuin ta kira.

"Rra, abin mamaki. Maƙwabtanku na Kimberley na nan a ja, ku kuma kun faɗo haka? Injin lafiya?"

"Lafiya lau, Mma. Iska ce ta juya."

"To. Da wani ne da na ce a sake dubawa. Amma kai ne."

Ranar Juma'a mai karatu ya ce, "Mangaung, rawaya." Kafin ya kira, wayarsa ta yi ƙara. Guɗar matarsa ya fara ji, irin wadda rabonsa da ita tun bikin sunan Otsile. Sannan ya ji Sethunya daga gefe tana cewa, tun da rawaya ce ba sai an fara ƙwayoyin nan masu ƙarfi ba, waɗanda likita ta ce a sha kwana uku kafin a shiga mugunyar iska, su ne masu tayar wa Mama da suga. Nan ne wurin magana. Ya buɗe baki, ya ji matarsa na tambaya ko ya share ɗakin ɗinki, sai ya ce ya share.

Ranar Alhamis ɗin Ista suka sauka. Mma Sethunya ta rame, ta yi furfura, tana rungume da ƙunshin mayafi. Da suka isa gida ta dafa ƙofa ta tsaya, ta shiga ta shafa kan kekenta ta duba yatsa ko akwai ƙura. Idanunta sun riga sun yi ja. Ta ce gajiyar hanya ce, Sethunya ta dube ta ta dubi taga. Ranar Juma'a samarin dangi suka tafi maƙabarta da lauje da adda suka sassabe ciyawa don baƙi su sami wurin tsayawa, suka bar ta nan a zube tana bushewa.

Asabar da hantsi aka taru. Mata sun bar dakakken nama da tuwon dawa a kan wuta. Fasto ya yi addu'a, aka yi waƙa biyu, Rra Seleka ya faɗi asalin yaron tun daga kakanni. Mma Sethunya ta matso, ta durƙusa, ta kama bakin mayafin ta ja a hankali kamar mai buɗe jariri. Ta bi haruffan da yatsa, ta karanta sunan da ƙarfi, ta ce, "Na zo, Otsile. Na yi latti, amma na zo." Duk wanda ke wurin ya yi hawaye. Rra Sethunya ya ji a ransa, ko me zai biyo baya, wannan ya isa.

Rra Seleka ya ɗaga sanda ya ce, "Pula!" Jama'a suka amsa, "A e ne!" Ita kaɗai ba ta amsa ba. Tana durƙushe, hannu ɗaya a kan dutse, kafaɗunta na hawa suna sauka, leɓunanta sun fara canza launi. Sethunya ta danna mata maganin shaƙa sau biyu, sau huɗu, sau shida, kamar ana zuba ruwa a kwando. A bayan akori-kurar wani ɗan'uwa aka kai ta asibiti, kanta a cinyar mijinta.

Kwana goma sha ɗaya ta yi, huɗu daga ciki inji ke yi mata numfashi. A rana ta biyu suna zaune a bencin baranda shi da 'yarsa, wata mata da ke gefensu, baƙuwa da ta zo Ista wurin dangi, tana ba wata labarin mijinta da ke ciki. "Mutum ne mai kiyayewa," in ji ta. "Ba ya tafiya sai ya ji rediyo. Suka ce rawaya, ya bar babban maganinsa a gida."

Sethunya ta yi ƙwafa. "Ka ji ko, Papa? Sai na rubuta wa mutanen Cape Town ɗin nan. Rayukan mutane suke wasa da su. In ba su iya ƙirga ba su bari mana."

"Sun iya," ya ce. "Uku ne."

"Uku me?"

Ya gaya mata, kansa a sunkuye, tun daga sukuru har takarda. Ya so ta yi ihu, ta zage shi a gaban mutane, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

"Ka san abin da ya sa na jingina ran uwata da rahoton nan?" ta ce. "Ba don rediyo ba. Rediyo ta sha cewa za a yi ruwa a yi rana. Don na san hannun da ke murɗa akwatin ne." Ta tashi ta koma wani benci.

Da aka cire wa Mma Sethunya inji ta iya magana, shi ma ya gaya mata, ko da yake 'yarta ta riga shi.

"Tun daga Kimberley na sani," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Hancina ya girmi akwatinka. Na ga dutsen ɗana, ba zan ce ban gode ba. Amma da ka faɗa mini, Rra. Ni kaɗai, a kunne. Da na sha ƙwayoyina a ɓoye, na zo da shirina. Ka bar ni na shiga ruwa ban san zurfinsa ba."

Daga asibiti ba su biya gida ba, tasha suka wuce. Shi kuma ranar Litinin ya kira Misis Fortuin da kansa. Ta ce za ta goge makon daga lissafinta. Ba ta karɓe aikin ba, don har yau masu digiri ba su warke daga ciwon gwiwa ba. Sai dai ta ce daga yanzu, duk Litinin ya ɗauki hoton ma'aunin da waya ya turo mata. Shekara tara rubutun hannunsa na isa, yanzu sai da hoto. Yana turawa, bai taɓa fashi ba.

Ƙarshen Mayu sanyi ya sauka da ƙarfi, raɓa ta daskare a kan ciyawa, cikin mako guda ta bushe ta kwanta. Mai karatu ya ce, "Mangaung, kore." Juma'a ta gaba, kore. Ta gaba ma kore. Wannan karon ba hannun kowa, lita goma ce cif, ga hotuna a waya. Iskar gari ta yi tas, irin wadda yakan jira duk shekara ya je tasha ya taro ta. Ya wanke labule, ya sa wa keke mai. Makonni biyu na farko Sethunya ce ta ɗauki waya ta ce Mama na hutawa. A na uku Mma Sethunya ta ɗauka.

"Kin ji?"

"Ban kunna ba, Rra."

"Kore ne. Mako uku ke nan. Na rantse da Allah kore ne, akwai hoto, in turo wa Sethunya ta nuna miki."

"Na san ba ƙarya kake yi ba." Ya ji tana jan numfashi. "Ina so in yarda, ƙirjina ne ya ƙi. Da na ji an ce Mangaung sai ya kama, ko me suka faɗa bayan nan. Shi ya sa na daina kunnawa. Ita ma yarinyar nan ta ce ko shuɗi suka ce ba inda zan je, ni kuma ba ni da ƙarfin faɗa da ita yanzu."

"To sai yaushe?"

Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ko yana sa hular sanyi in zai hau bene. Sannan ta ce, kamar abin da ta tuna yanzu, matan cocin can suna ta damunta da ɗinki, keken maƙwabciya kuma yana cin zare.

"In ba wahala, ka sa mini nawa a mota."

Garin neman gira aka rasa ido. Ya kwance keken daga ƙafafunsa, ya naɗe kan da bargo biyu, ya ɗaure da igiya, ya rubuta sunanta a kwali da manyan baƙaƙe. Ranar Juma'a bayan an tashi aiki Mogapi ya taya shi ɗauka zuwa tashar manyan motoci, kuma a duk hanyar bai yi zolaya ko ɗaya ba. Motar yamma ta fara lodi. A ɗakin yankan tikiti rediyo na kunne, an gama da matafiya, an ce hanyar yamma a buɗe take, ba ruwa ba iska har bakin teku, aka juyo kan garuruwa. "Mangaung, kore."

Mai lodi ya jinjina ƙunshin, ya duba kwalin, ya dubi tsohon.

"Port Nolloth? Akwai kujera fa, Rra. Mai shi na can, ko tana tafe?"

"Tana can," in ji Rra Sethunya. "Kaya ne kawai."